Rugu: Dajin Da Yaƙi Ya Shuka

Manomin da gonarsa take bakin daji a ƙasar Batsari ko Safana ya saba da wani abu. Yana cikin huɗa sai garma ta tono masa tsingaro, ko ta yi karo da dutsen niƙa wanda cikinsa ya lotsa don daɗewa ana aiki a kansa. Ba ya tsayawa mamaki. Ɗauka yake ya jefa kan iyakar gona, ya ci gaba da abin da ya kawo shi. In ka tambaye shi, amsar ba ta da tsawo: ai nan kufai ne. Kufan su wa? Na mutanen da.

Makiyayi ya fi manomi iya wannan karatu, don shi ne mai kutsawa can ciki. Ya san duk inda ya tarar da kukoki sun yi cincirindo a tsakiyar daji, ga tsamiya, ga wani dogon tudu da ya miƙe ya lanƙwaso kamar an ja shi da igiya, to an taɓa zama a wurin. Kuka ba ta taruwa haka kawai, mutum ne ke tara ta saboda miya. Tudun nan kuwa ganuwa ce da ruwan sama ya cinye.

Wannan daji shi ne Rugu, wanda tsofaffin littattafan Turawa ke rubutawa Rubu. Ya shimfiɗu a yammacin Jihar Katsina, ya taɓa Jibiya da Batsari da Safana da Ɗanmusa, ya zarce cikin Zamfara. Yaron da ya tashi a shekarun nan bai san shi da komai ba sai 'yan bindiga da satar shanu da garkuwa da mutane. Cikin manya ma da yawa sun ɗauka tun fil azal haka Allah ya bar wurin, daji ba kowa. Ba haka ba ne. Babban yanki na dajin nan, musamman ta wajen Ruma, ƙasa ce da ta taɓa cika da garuruwa da gonaki da karofi da maƙera. Yaƙi ne ya tashe su, itatuwa suka gaje wurin. In ana neman fagen fama mafi faɗi a ƙasar Katsina, to ga shi nan, sai dai mai wucewa ba zai ga allon da zai gaya masa haka ba.

Maganar ta samo asali ne daga jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da aka soma a 1804. A ƙasar Katsina malamai uku ne suka ja gaba: Ummarun Dallaje da Ummarun Dumyawa da Muhammadu Na Alhaji. Zuwa 1807 birni ya faɗa hannunsu, Ummarun Dallaje ya zama sarki. Gidan sarautar da aka tayar, zuriyar Korau, suka yi arewa. A Ɗankama aka sake karawa aka ci su, Sarki Magajin Halidu ya rasa ransa a can. Waɗanda suka tsira suka naɗa Ɗan Kasawa, suka fake a Damagaram na 'yan shekaru, daga baya suka dawo suka kafa sabon zama a Maraɗi, a bakin gulbi. Amma ba su ajiye sunan gida ba. Sarkin Katsina suke cewa, har gobe kuwa haka ake kiran mai sarautar can. Sunan kaɗai ya isa ya nuna maka abin da ke ransu: komawa suke so su yi.

Sarki biyu ke nan masu amsa suna ɗaya, kowa na ganin ƙasar tasa ce, talakawa kuma a tsakani.

Talakawan da suka fi kowa shiga tsaka mai wuya su ne na yamma. Ƙasar Ruma tana kan hanyar da ta haɗa birnin Katsina da Zamfara da Sakkwato, arewacinta kuma a buɗe yake har Maraɗi. Wanda ya riƙe ta ya riƙe maƙogwaron Katsina, don ta nan manzanni da ayarin kayan gaisuwar Sarkin Musulmi suka fi samun sauƙin bi. Ƙasa ce mai duwatsu da ƙoramu da fadamu, mazaunanta kuma gauraye: manoma Katsinawa, Musulmi da Maguzawa, da Fulani masu shanu, da mafarauta da masu narka tama. Da yawansu kaka da kakanni tsohuwar sarauta suka sani, irin wannan kuwa ba ya kankaruwa cikin shekara talatin.

A 1836 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya fita da kansa ya tari taron dangin Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Abzinawa a Gawakuke. An yi musu mummunan ci. Sarkin Gobir Ali ya faɗi, Rauda na Maraɗi ya faɗi. Aka zaci magana ta ƙare. Sai Bello ya rasu a 1837, a Maraɗi kuwa an riga an naɗa Ɗan Mari, mutumin da bai yarda an gama ba. A zamaninsa Gobirawa suka sake tsayawa da ƙafarsu a Tsibiri, maƙwabtaka da Maraɗi, gidajen biyu suka zama tsintsiya ɗaya.

Ɗan Mari bai ɓata ƙarfinsa wajen dukan ganuwar birnin Katsina ba. Karkara ya nufa. Ya shigo ta yamma, garuruwan ƙasar Ruma da dama suka karɓe shi suka juya wa sarkin birni baya, wutar ta ci har wajen Matazu. A lokacin Ummarun Dallaje ya riga ya rasu, ɗansa Siddiku ne ke kan gado, mayaƙi mai zafin hannu. Siddiku ya samu gudummawa daga cikin daula, ya karya rundunar Ɗan Mari, sannan ya juyo kan garuruwan da suka ba ta masauki.

A nan ya kamata mai karatu ya ɗan dakata, don abin da ya biyo baya shi ne ya haifi dajin. An ƙone garuruwa, an kashe na kashewa, an kama na kamawa. Sauran suka watse, wasu Maraɗi, wasu Zamfara, wasu suka haye duwatsu ko suka shige garuruwa masu ganuwa. Manufar a fili take: kada a bar wa abokin gaba rumbun da zai ci, ko rijiyar da zai shayar da doki, ko bakin da zai ba shi labari. In ka tsaya a inda mai tsaron gadon sarauta ya tsaya, za ka gane abin da ya tsorata shi. Amma a ganina wannan shi ne kuskure mafi tsada da aka yi a ƙasar Katsina a ƙarnin nan gaba ɗaya. Gona in ta yi damina uku ba a taɓa ta ba, sabara da geza sun kama. In ta yi goma, marke da taramniya sun rufe ta. Kafin jariran da aka gudu da su a goye su isa aure, ƙasar iyayensu ta zama dajin da mahayi zai yini a ciki bai ji carar zakara ba. Daji irin wannan kuwa ba ya tare maharin da ya san hanya, lulluɓe shi yake yi. Da can in runduna ta taso daga arewa akwai ƙauyen da zai hango ƙura ya buga ganga, akwai mai gudu ya kai labari gaba. Yanzu an tashi masu ganin. Garin neman gira aka rasa ido.

Shi kansa Siddiku bai daɗe yana cin moriyar nasararsa ba. Koke-koke kan tsananinsa suka isa Sakkwato, a 1844 a zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya rabu da sarauta, aka naɗa ɗan'uwan Siddikun, shi ma Muhammadu Bello sunansa. Siddiku ya tsallaka arewa, ya haɗa kai da mutanen da ya yaƙa jiya. Wannan kaɗai ya isa ya gyara tunanin mai ɗaukar yaƙe-yaƙen nan a matsayin faɗan Hausawa da Fulani tsantsa. Faɗan mulki ne da ƙasa da haraji da bayi, mutane kuma sun yi ta sauya ɓangare gwargwadon inda aka ɓata musu ko aka kyautata musu.

Muna da shaidar wanda ya ratsa wurin da idonsa shekara tara bayan haka. A watan Maris na 1853 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani a ƙasar Hausa da Abdulkarim, ya bar Katsina zuwa Sakkwato tare da ayarin Galadiman Sakkwato. Labari ya zo cewa rundunar Gobirawa ta fito, don haka ba su miƙe yamma sak ba, sai suka karkata kudu ta Kuraye da Kurfi har Zakka, Zakkar nan ta ƙasar Safana. Ya bayyana yadda aka kewaye Kurfi da ganuwa da ramuka ninki-ninki, aikin mutanen da suka san abin da suke tsoro. Daga Zakka kuwa sai daji, suka yi doguwar tafiya cikin ɗar-ɗar har suka ɓulla Bunka, kusa da Zurmi. A lura da kyau: babban bafaden Sarkin Musulmi ne, a tsakiyar daular ubangidansa, yake ratsa daji yana waiwaye. In haka ta kasance ga Galadima, ina ga mai jaki ɗaya da zai kai gishiri kasuwa?

Daga nan har ƙarshen ƙarnin, Rugu ta zama babbar ƙofar hari. Ɗan Baskore, wanda ya yi fiye da shekara ashirin yana sarautar Maraɗi, shi ne sunan da ya fi tsayawa a bakin mutane, can wajen ƙarshen ƙarni kuma aka yi Ƙaura Hasau. Yaƙin nasu ba irin na daga biyu su ja layi a fili su yini suna gwabzawa ba ne, ko da yake akan yi hakan wani lokaci. Yawancinsa hari ne na rani, bayan an kai amfanin gona gida, ƙasa ta bushe, ƙoramu sun janye. Mahaya su kwana a daji, su faɗa wa gari da asuba, su kore shanu su kama mutane, kafin gudummawa ta iso sun koma cikin itatuwa. Katsina ma takan rama, ta bi su har gida. Barde mai lifidi da sulke yana da kwarjini a fili, amma cikin sarƙaƙiya ɗan baka mai kibiya da dafi ya fi shi amfani. Shi ya sa garuruwan bakin dajin suka koyi tsaron kansu da abin da ƙasa ta ba su: ganuwa, a bayanta rami, a bayan ramin ƙaya mai kauri da aka bari da gangan, ƙofa kuma 'yar ƙarama wadda doki biyu ba sa shiga a jere. Wanda ke kusa da dutse ya jingina da dutse. Noma sai kusa da ganuwa, wani na aiki wani na kan itace yana duba hanya.

Ruma ta sake rayuwa a matsayin garin bakin daga, mazaunin mayaƙa masu tsaron yamma. Daga nan Ɗan Waire ya yi suna, jarumin da har yau tsofaffi ke ba da labarin hawansa, wanda daga baya ya koma Gwiwa ta ƙasar Kazaure. Hakimin Batsari har yanzu Sarkin Ruma ake ce masa, na Safana kuma Yariman Katsina. Kujerar Ruma ta koma Batsari, amma sarautar ta riƙe sunan tsohon garin, kamar yadda na Maraɗi suka riƙe na Katsina.

A 1903 Turawan Ingila suka shiga Katsina ba tare da an yi yaƙi ba, a zamanin Sarki Abubakar. Tsakanin 1906 da 1908 aka auna iyaka aka kafa alamu, Maraɗi ta faɗa rabon Faransa. Hare-hare suka tsaya. Mutane suka soma saukowa daga duwatsu suna fitowa daga bayan ganuwa, ana saran daji ana kafa unguwanni, wasu a kan kufan kakanninsu, wasu baƙi daga nesa. Abin da bai samu masu komawa ba gwamnati ta shata shi gandun daji. Bayan samun 'yancin kai, a shekarun 1960, aka mayar da yankin Ruma da Kukar Jangarai wurin kiwo na musamman, aka yi madatsun ruwa don shanu, ya zama abin misali a zamanin da Gwamnatin Arewa ta yi dokar wuraren kiwo ta 1965. Har giwaye sun yi ta kai-kawo tsakanin Rugu da dajin Baban Rafi da ke kudu da Maraɗi, suna bin turbar da dawakin Ɗan Baskore suka bi. Waɗannan shekaru su ne mafi kwanciyar hankali da dajin ya gani.

A wasu wurare ba a barin fagen fama ya ɓace haka. Alhajin da ya je Madina akan kai shi Uhudu. Ya hau ɗan tudun da maharba suka tsaya, ya hango inda dawakin Ƙuraishawa suka zagayo, ya tsaya gaban maƙabartar Sayyidina Hamza da sauran shahidai ya yi musu addu'a. Ya sha jin labarin a bakin malamai tun yana yaro, amma ranar da ya taka wurin da ƙafarsa ce ya gane dalilin da ya sa barin tudun nan ya juya yaƙin. Ƙasa tana koyar da abin da littafi ba ya iyawa. Amurkawa sun gane haka. A Getisbag, inda suka yi kwana uku suna kashe juna a watan Yulin 1863, an bar filin yadda yake, an yi hanyoyi, an kafa alamun tunawa fiye da dubu. Ba kuma duka wurarensu ne manya haka ba. Akwai ƙanana da ba su fi gandun mai gari ba, 'yar turba ce kawai cikin itatuwa da alluna nan da can, iyali su zo su zaga cikin sa'a guda su koma gida da abin da za su tuna.

Mu a Katsina abin da muke kai baƙo ya gani bai wuce Hasumiyar Gobarau da tsohuwar Kwalejin Katsina da Durɓi Ta Kusheyi da rijiyar Kusugu ta Daura ba. Duk sun cancanta. Amma duk tarihin birni ne da fada da malamai. Tarihin manomin da aka ƙone wa rumbu, da matar da ta bar dutsen niƙanta ta gudu da goyo, yana can yamma ƙarƙashin marke.

Ba wani gagarumin gini ake buƙata ba. Kufai ɗaya mai sauran ganuwa, kusa da gari, a shata shi a hana sara da haƙa. A share turba ta bi gindin ganuwar, ta ratsa kukoki, ta wuce ramukan karofi da tarin kashin tama, ta hau dutse inda mai tsaro ke tsayawa. Daga kan dutsen ɗalibi ya dubi arewa, a ce masa ta can ƙura ke tasowa. A sa alluna da boko da ajami. Ɗan jagora kuma ya zama ɗan garin, mafarauci ko makiyayi wanda ya san sunan kowane itace da amfaninsa. Irin wannan wuri ya kamata ya faɗi gaskiyar ɓangarorin biyu ba tare da zagin kowa ba, don jikokin Siddiku da na Ɗan Mari duk suna nan, sun yi auratayya, suna cin kasuwa ɗaya a Jibiya.

Na san abin da mutumin Batsari zai ce da ni: malam, ana ta kai wa yake ta kaya? Gaskiyarsa. A watan Fabrairun 2020 an kashe mutum kusan 30 a Tsauwa da Ɗankar. A watan Afrilun shekarar an kashe 47 a ƙauyukan Safana da Dutsinma da Ɗanmusa. A Disamba aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar Ƙanƙara aka shige da su daji. An yi sulhu a 2019 a zamanin Gwamna Aminu Bello Masari ya rushe, an kuma sake gwadawa daga baya. Ba mai hankalin da zai ce a ɗebi 'yan makaranta a shiga Rugu yawon buɗe ido kafin hanya ta yi lafiya. Ba kuma ina daidaita mayaƙan da da 'yan bindigar yau ba. Waɗancan sarakuna ne masu neman gadon sarauta, waɗannan masu ɗaukar ran talaka ne don kuɗin fansa.

Abu ɗaya ne bai sauya ba, shi ne halin ƙasar. Ƙauyen da ya tashi a yau, mutanensa suka koma Batsari ko Katsina ko suka tsallaka jihar Maraɗi, gonakinsa na yin abin da gonakin Ruma suka yi bayan Siddiku. Sabara ba ta san ƙarni ba. Kowace unguwa da ta zama kufai ƙari ce ga mafakar mahari, kuma ido ɗaya ne ya rufe daga cikin idanun da ke tsaron garin da ke bayanta. Saboda haka mayar da mutane garuruwansu, da rijiya da makaranta da hanya da jami'an tsaro masu kwana tare da su, ba aikin jinƙai ba ne da za a yi bayan an gama yaƙi. Yana cikin yaƙin. Haka nan duk shawarar da za ta ce a kwashe ƙauyuka don a samu filin fatattakar ɓarayi, a tuna an taɓa gwada ta a wannan ƙasa, aka yi shekara sittin ana biyan bashinta.

Akwai kuma aikin da ba sai an jira komai ba. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman, kafin ya rubuta littafinsa kan tarihin Katsina daga 1400 zuwa 1883, gari-gari ya bi yana zama gaban tsofaffi. Waɗanda ya tarar sun tafi. Na yanzu su ne na ƙarshe da suka ji labari daga bakin waɗanda suka ga zamanin hari, da yawansu kuma suna zaman gudun hijira a gidajen 'yan'uwa, nesa da kukokin da za su nuna su ce nan ne. Jami'ar Tarayya ta Dutsinma tana maƙwabtaka da Safana, Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa tana Katsina, ga Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha, ga fadar Sarkin Ruma da ta Yarima. Su tura ɗalibai 'yan asalin yankin su tattara sunayen kufai, da na waɗanda suka zauna a cikinsu, da inda suka nufa da aka tashe su, har da kufan shekarun nan.

Kai kuma ɗan Batsari ko Safana da ke karanta wannan, in kana da kaka ko kakan da ya haura tamanin, kada ka jira jami'a. Wayar da ke aljihunka tana ɗaukar murya. Ka je ka gaishe shi a makon nan, ka zauna, ka tambaye shi sunan garin da iyayensa suka ce daga can aka taso.